Lado Burki da Keke na Goma Sha Biyu

Lado bai taɓa saran kowa da adda ba. Duk shekarun da ya yi cikin ƙauraye, 'yan dabar Katsina, da wannan yake tutiya. Makaminsa guntun rodi ne mai tsawon kamu biyu, ya naɗe gindinsa da robar tif don kada ya zame masa. Ubansa gyaran keke yake yi a Ƙofar Kwaya, kuma tun Lado bai iya ɗaura wando ba ya san cewa duk abin da ke tafiya a kan ƙafa biyu, ransa yana ƙafar gaba. In babur na gudu ka zura masa ƙarfe tsakanin wayoyin ƙafar gaba, zai tsaya cak. Wanda ke kai ne ba zai tsaya ba. Daga nan aka laƙaba masa suna Burki.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, kasuwar irin su Lado ta buɗe. Wani attajirin hatsi, Alhaji Babaji, ya fito takarar kansila, ya ɗauki ƙauraye, Lado na ciki. Aikin ba wuya. In mai gida zai yi taro su tsare shi, in abokin hamayya zai yi su watsa.

Wata Talata bayan Azahar aka ce ayarin ɗaya ɓangaren zai biyo ta gaban gidan man da ke hanyar Ƙofar Guga. Lado ya naɗe fuska da tsohon rawani, ya laɓe bayan wata tifa da ta lalace. Ayarin ya taho da hon da ihu. A can gaba wani ɗan kabu-kabu ne a kan jan babur, an ɗaure masa tuta biyu a baya, yana miƙewa tsaye a kan babur yana burge mata. Ba ɗan jam'iyya ba ne, mai aka zuba masa aka ce ya shiga gaba. Lado ya fito taku uku ya zura ƙarfen.

Wayoyin suka tsinke gaba ɗaya, ƙat-ƙat-ƙat. Mutumin ya tashi sama, ya juya sau ɗaya, ya sauko da gadon baya a kan bakin kwalbati. Na bayansa suka hau juna, sauran ƙauraye suka fito da gora da adda, wuri ya hargitse. Lado ya sunkuya zai zare ƙarfensa, sai ya ga mutumin yana dafa ƙasa da hannu biyu yana son tashi. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ko motsi.

"Ku ɗage mini babur ɗin," in ji shi. "Don Allah ku ɗage shi bisa ƙafata."

Babur ɗin yana can gefe, ya kai taku biyar daga inda yake. Babu komai a kan ƙafarsa.

Lado ya zare ƙarfe ya bi lungu. Da yamma ya ci tsire, ya sha fura mai sanyi, ya ba 'yan uwansa labarin yadda mutumin ya juya a sama har suka riƙe ciki.

Mutanen unguwa sukan ce Lado ya tuba bayan zaɓe. Gaskiyar ba ta kai haka kyau ba. Alhaji Babaji ya ci zaɓe, ya daina buɗe wa ƙauraye ƙofa. A damunar nan uban Lado ya rasu ya bar masa rumfa, da famfo, da akwatin sifanu, da uwa mai hawan jini. Yunwa ce ta zaunar da shi a kan bencin ubansa. Sai dai hannun ya iya aikin, kuma a hankali masu keken da suke tsoron tsayawa suka fara tsayawa.

Wata safiya wata mata ta turo baro ta tsaya a bakin rumfar. A cikin baron namiji ne zaune, ƙafafunsa sun ƙanƙance suna reto, yana rungume da faifan goro da alewa da ashana.

"Salamu alaikum, mai rumfa. Sunana Sada, wagga kuma matata Furera, ita ce direbata. Inuwa muke roƙo, nan gefe. Ba ni cin wuri, ka ga rabin mutum ne."

Furera ta ce, "Ka dai yi a hankali kar direba ta juye ka a kwata."

Lado ya ɗago kai. Sholishon faci da ke yatsansa ya bushe bai shafa ba. Fuskar ta rame, an tara gemu, amma ita ce. Ita ce fuskar da ta ce a ɗage babur.

Ya ce, "Bismillah, ku zauna."

Da ya ce a'a da an tambaye shi dalili. Abin da ya gaya wa kansa ke nan, kuma daga ranar kusan duk abin da ya yi, tsoron tambayar nan ne ya tuƙa shi. Sada bai san shi ba. Ya dai ji an ce Lado ya taɓa daba, to wa bai taɓa wani abu ba? Abin da Lado ya sa a gaba ɗaya ne, kada Sada ya sani.

Sada mutum ne mai baki. Daga wani ƙauye na gefen Rimi ya shigo birni da kuɗin gyaɗa ya sayi babur, bai yi shekara da shi ba abin ya faru. Injiniya yake kiran Lado. In Furera ta kawo ɗanwake sai ya rantse ba zai ci ba sai Injiniya ya sa hannu. In fitsari ya kama shi Lado ke ɗaukarsa ya kai shi bayan katanga, ya juya baya, ya dawo da shi. Kuma duk wanda ya tsaya sayen goro sai ya ji labarin jan babur.

"Malamai suna ta ce mini in yafe," yakan ce. "In yafe ma wa? Ban ga huskarsa ba. Tsumma na gani. Injiniya, ana yafe ma tsumma?"

Lado sai ya duƙufa a kan taya kamar yana neman huji.

Zancen tafiya daga rediyo ya fito. Bayan an rantsar da farar hula aka shiga yayin tattaki, wannan ya taka daga garinsu zuwa wani gari don murna, a tarbe shi da kyauta. Rannan aka ba da labarin wani da ya samu mota. Sada ya yi dariya har ya ƙware.

"Ka ji rabo! Mai ƙafa ya taka, an ƙara masa da taya huɗu. Ni ko keken guragu ya gagare ni."

Lado ya kwana uku da maganar. Ran na huɗu ya samo kwalin sabulu ya yanke, ya sa wani malamin firamare ya rubuta masa sunayen garuruwa a jere: Caranci, Kankiya, Malumfashi, Funtuwa, Zariya, Kaduna, har Abuja. Zai hau keken ubansa ya tuƙa zuwa can. Mai son lada ya sayi gari ɗaya, wato ya ɗauki nauyin tafiyar daga garin baya zuwa nan, a rubuta sunansa a gefe. Abin da aka tara a ba wani mai walda ya ƙera keken guragu, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, guda goma sha biyu.

Me ya sa goma sha biyu? Keke ɗaya Lado yake nufi. Da ya zage ya sayar da akuyar uwarsa ya haɗa da aikin wata uku, da ya saya wa Sada shi kaɗai. Amma sai a ce, me ke tsakaninsu haka? Shi ya sa ya bi masallatai da bakin tasha ya tattaro guragu goma sha ɗaya, ya ɓoye Sada a cikinsu. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan, wanda ko shi bai taɓa faɗa wa kansa da baki ba. So yake ranar da aka miƙa keken, Sada ya kama hannunsa a gaban jama'a ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya yafe maka zunubanka na baya da na gaba, kamar yadda ake faɗa wa duk mai kyauta. Lado ya yi niyyar ya karɓi wannan a matsayin yafiya, ba tare da ya roƙa ba.

Ya shiga Babbar Kasuwa da kwalinsa. Abin ya zo da sauƙin da ya ba shi mamaki. Layin 'yan hatsi suka sayi Caranci kafin ya gama bayani. Wani dattijo mai gero ya cusa masa kuɗi a aljihu, ko kwalin bai kalla ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "To mun rabu lahiya ke nan har Sallah, ko?"

Nan Lado ya gane. Ba guragu suke ba wa ba, Burki suke sallama. Ya ji kunya ta ɗan lokaci, sannan ya ci gaba zuwa rumfa ta gaba, har ya riƙa tsayawa a bakin rumfa irin tsayuwar da, kafaɗa a karkace.

A layin 'yan yadi ne wani saurayi mai tabarau ya karanta kwalin ya tuntsire da dariya. "Abuja? Da wanga tsohon keke? Malam, in wiwi kake so ka hwaɗi gaskiya mu taimaka."

Lado ya miƙa masa hannu kamar za su gaisa. Da hannun ya shigo nasa sai ya matse, ya murɗa a hankali, yana murmushi. Saurayin ya durƙusa a kan bandir ɗin shadda, tabarau ya faɗi. Lado bai saki ba sai da ya ji wani abu ya yi ƙas a wuyan hannun. Saurayin ya sayi Malumfashi da hannun hagu.

Labari ya kai wa Dabo, wanda ya gaji shugabancin tsofaffin abokan Lado. Da hantsi suka zo rumfa su huɗu, idanu jajir.

"Burki, ashe kana cin kasuwa da sunanmu ba ka gaya mana ba. Raba biyu."

"Na guragu ne."

"To ai mu ma mun taimaka an samu guragun," in ji Dabo, ya ƙyalƙyale da dariya, idonsa na yawo har ya sauka kan Sada da ke zaune a gefe.

Lado bai jira ya ga ko Dabo ya gane fuskar ba, ko kuma wace kalma ce za ta biyo baya. Ya ɗauki babbar sifana ya ɗirka masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo cikin kwanon ruwan gwada tif. Ɗaya daga cikin yaran Dabo ya zaro wuƙa ya tsarge wa Lado dantse tun daga gwiwar hannu. Lado ya kama kan mai wuƙar ya buga da ƙarfen rumfa, sau biyu, sai da ya saki jiki. Sada kuwa daga zaune yake jifa da duk abin da hannunsa ya samu, duwatsu, kwalbar man keke, har da goronsa, yana ihu, "Ɓarayi! Jama'a, ɓarayin kuɗin guragu!" 'Yan kabu-kabun bakin titi, tsofaffin abokan aikin Sada, suka taso. Su Dabo suka ja na ƙasa suka gudu.

Sada da kansa ya ɗaure raunin da ɗankwalin Furera, hawaye na bin gemunsa.

"Injiniya, saboda mu ka zubda jini. Ni mi na yi maka a duniya?"

Lado ya ce, "Ɗaure da ƙarhi, yana zuba."

Daga ranar 'yan kabu-kabu suka ɗauki tafiyar tamkar tasu. Suka haɗu suka sayi Funtuwa, suka ce ranar tashi za su raka shi har bayan gari. Amma daga Zariya zuwa Abuja, inda nisan yake, babu mai saye. Malamin firamaren nan ya ce abu ɗaya ya rage, a kafa gidauniya, a gayyato babban baƙo ya buɗe da abu mai kauri. Babban mutum ɗaya Lado ya sani.

Ya yini biyu a ƙofar gidan Alhaji Babaji kafin a shigar da shi. Kansila ya ƙara ƙiba, ya ji bayani yana sakace. Ya ga abin da ke ciki nan take: guragu goma sha biyu, 'yan rediyo, sunansa.

"Zan zo. Zariya har Abuja ni na saya."

"Alhaji, alfarma ɗaya. Kar a tada zancen da."

"Wane da? Kai Lado, ai yanzu dimokuraɗiyya ake. Wa ke tuna wannan?"

Lado ya fito da sanyin rai. Ya toshe bakin mai gida. Bai tuna da Tanko ba, kuma ba wanda zai tuna, don ba a gayyatar sanƙira. Inda motar mai gida ta tsaya nan ake ganinsa ya fito daga gaba, da babbar riga mai datti a wuya da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Tanko ya yi shekara ashirin yana yi wa Babaji roƙo, kuma ranar Talatar nan yana cikin motar kamfe a tsallaken titi, ya ga komai.

Aka yi taron ran Asabar bayan La'asar a filin makarantar firamare. An jera bencina, an shimfiɗa tabarmi a gaba inda guragu goma sha biyu suka zauna, Sada a tsakiya da sabuwar hula. Babura sun fi talatin a gefe. Keken tafiya na jingine da teburi, Lado ya wanke shi ya ɗaura masa kwalin garuruwa a gaba. Liman ya buɗe da addu'a. Alhaji Babaji ya miƙe ya raɗa wa Tanko abin da ya bayar, don babban mutum ba ya faɗin kyautarsa da bakinsa.

Tanko ya shiga fili ya faɗi kyautar sau uku, aka yi tafi. Ya wasa Babaji tun daga kakansa mai fatauci. Sannan ya juyo kan Lado, don a ƙa'idar sana'arsa ba a barin wanda aka yi taro dominsa ba a wasa shi ba, kuma dole a nuna cewa shi ma ɗan gidan mai gida ne, don ladan ya koma can. To da me za a wasa Lado? Ubansa mai faci ne, ba sarauta, ba dukiya, ba karatu. Sanƙira kuwa ba ya ƙirƙira in akwai abin faɗa. Ya laluba, ya samo abu ɗaya da ya san Lado ya yi wanda maza suka yi magana.

"Ina Lado! Lado na Alhaji Babaji! Burki, mai tsayar da mai gudu! Jama'a, yau kuka san shi, mu mun daɗe. Ranar Talata, gaban gidan mai, hanyar Ƙofar Guga, da maƙiya suka taho kamar fari, wa ya tare su? Mutum guda, ƙarhe guda!"

Lado ya miƙe. "Tanko, ya isa."

"Kunya gare shi, ɗan halak! Bari in hwaɗa, ai ba ƙarya ba ce!"

Daga kan tabarma wata murya ta ce, "Wane babur ya tare?"

Tanko ya ji daɗi, an ba shi hanya. Bai ma duba mai tambayar da kyau ba. "Na gaba mana! Ja, mai tuta biyu! Mai shi yana ta rawar kai a sama, sai ga shi yana iyo a iska kamar ɗan tsako a bakin shaho!"

Ya tsaya yana jiran dariya. Ba wanda ya yi. Duk ɗan kabu-kabun da ke filin ya ji labarin jan babur mai tuta biyu sau ɗari a bakin rumfar Lado.

Furera ce ta fara. Ta saki wata ƙara ta ɗora hannu a ka. Sai benci ya sauka a bayan Lado. Ya faɗi kan teburi, teburin ya kife da lemon baƙi. Suka rufe shi. Wani da bel mai ƙarfe, wani da makullin taya, mafi yawa da ƙafa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka taimaka aka kori su Dabo shi ne ya riƙa taka masa raunin dantse har ya sake buɗewa. Liman yana ta "Ku ji tsoron Allah!" ba mai jinsa. Alhaji Babaji ya tattare riga ya faɗa mota, direba ya ja, Tanko na bin su a guje da takalmi ɗaya. Lado, wanda ya zubar wa Dabo haƙora bai yi tunani ba, ko hannu bai ɗaga ya kare fuska ba.

Sada ya zura hannuwa cikin silifa ya ja jiki. Ya ratsa tsakanin ƙafafu yana bugun ƙwaurin mutane. "Ku ba ni wuri. Ku ba ni wuri na ce! Nawa ne."

Suka ja baya. Lado na kwance, ido ɗaya ya rufe, jini na fita ta hanci da kunne.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Yaushe ka gane ni?"

"Ranar da kuka zo da baro."

Sada ya lissafa watannin yana duban fuskarsa. "Ka ci ɗanwakena. Ka ɗauke ni ka kai ni bayan katanga, ka ga tsiraicina. Kullum ina tambayarka ko ana yafe ma tsumma." Ya juya ga 'yan kabu-kabu. "Ku kihe mini shi."

Suka kifa shi. Sada ya yaye masa riga, ya bi ƙashin bayansa da yatsa, gaɓa bayan gaɓa, har ya zo daidai inda nasa ya karye. Ya danna wurin da babban yatsa. Ya miƙa hannu, wani ya ɗora masa rabin bulo. Ya ɗaga da hannu biyu, hannuwan da shekara guda ta jan jiki ta mayar kamar na maƙeri. Furera na ta kuka.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Da wane hannu ka riƙe ƙarhen?"

Lado ya miƙo na dama ya shimfiɗa a ƙasa.

Sau uku bulon ya sauka. A na uku ya rabe biyu.

"Bayanka na bar maka," in ji Sada, yana haki. "Ba don kai ba. Ga mutum goma sha ɗaya can suna jiran kekensu. Ka warke ka hau kekenka ka tahi. In ka tsaya a Zariya ka dawo, wallahi sai na ƙarasa."

Washegari da sassafe aka kawo kuɗin Alhaji Babaji, ya ma ɗara abin da ya ambata, tare da bayanin cewa Tanko ya fara taɓuwa, kada a kama maganarsa.

Bayan sati biyar Lado ya tashi, hannun dama ɗaure da karan maɗori, haƙarƙari biyu ba su gama haɗewa ba. Babu wanda ya raka shi. Da hagu yake kama burki, a gangaren bayan Funtuwa ya faɗa rami ya sake fasa goshi. Kwana goma sha ɗaya ya yi. A Abuja ba wanda ya san da zuwansa. Wani mai gadi a ƙofar wata ma'aikata ya ji tausayinsa, ya sa masa hannu a kan kwalin don shaida, ya ba shi ruwa. Ya ɗora keken a saman bas ya dawo.

Mai walda ya ƙera goma sha biyu. Ranar rabo Lado bai je ba. Mutane sun yi ta gardama ko Sada zai karɓa, wasu har da rantsuwa cewa mai zuciya irin tasa sai dai ya mutu a baro. Furera ta je ta turo keken har gida. Da aka tambayi Sada sai ya ce, "Mi zai hana? Ba kyauta ba ce. Ƙafata ce aka maido mini guntu." Bai yi wa kowa addu'a ba.

Ya mayar da faifansa bakin tasha. Hanyar zuwa can ɗaya ce, ta gaban rumfar Lado. Kowace safiya Lado yakan yi sallama, Sada ya amsa, don amsa sallama wajibi ne, ya tsaya nan. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya tsohuwa da jiki. In keken ya lalace, can Ƙofar Marusa yake kai shi, wajen wani mai gyara da bai kai Lado iyawa ba.

Lado yana nan har yanzu. Yatsu uku na hannun dama sun ƙage, da hagu yake ɗaure noti. Bai ƙara dukan kowa ba, ko da yake masu cewa hannun ne ya hana shi suna da yawa.

Wata safiya a shekara ta uku, bayan an kwana ana ruwa, sarƙar keken Sada ta zame daidai bakin rumfar, ta maƙale tsakanin haƙora da ƙarfe. Aikin minti ɗaya ne ga wanda ya iya. Lado ya miƙe da sifana a hannu, har ya yi taku biyu.

"Zauna," in ji Sada, bai dube shi ba.

Ya kama ƙarfen kujera ya sauko da kansa ƙasa, ya jawo ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya aje su gefe. Ya kwanta a cikin caɓi ya shiga fama da sarƙar da yatsu. Ta kuɓuce ta yanke shi, ya tsotse jinin ya sake kamawa. Masu wucewa biyu suka tsaya za su taimaka, suka dubi Lado tsaye da sifana, suka dubi Sada, suka wuce. Sai da aka kusa rabin awa sarƙar ta hau. Ya ja jikinsa ya koma kujera, rigarsa duk laka, ya jera ƙafafunsa a mazauninsu, ya gyara faifan goro. Ya murɗa da hannu biyu, keken ya motsa, ya nufi tasha.